Kafin a ce dattijo ya taɓu, a saurari ƙirjinsa

Magidanci ne ɗan shekara sittin, bai taɓa ciwon ƙwaƙwalwa ba tun da yake, sai cikin mako biyu ya birkice. Yana rikita raka'o'in sallah, yana kiran ɗansa da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa, dare na yi ya ce ga mutane can tsaye a kan katanga. Nan take gida ya rabu biyu. Wasu su ce sammu ne ko gamo, a nemo mai ruƙiya. Masu boko su ce a'a, Baba ya samu taɓin hankali, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware. Da wuya ka ji wanda ya tuna cewa tsohon nan ya shekara talatin yana shan taba, ya yi wata huɗu yana tari, kuma ramar da ya yi ta sa wandonsa ba ya zama sai an ƙara ɗaure mazagi.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya haura arba'in kuma hankalinsa ya juya farat ɗaya, a ɗauke shi mai ciwon jiki tukuna, har sai gwaji ya nuna ba haka ba ne. Hantar da ta gaza tana kawo wannan ruɗewa, haka ƙoda, haka faɗuwar sukari da shanyewar ɓarin jiki. Amma wanda aka fi mantawa da shi shi ne kansar huhu, duk da cewa ita ce kansar da ta fi kashe mutane a duniya: alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 sun nuna kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu, kimanin miliyan 1.8 suka mutu.

Mai karatu zai ce, ina ruwan huhu da hankali? Akwai wani nau'in kansar huhu da likitoci ke kira mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin ɗari na masu ciwon, kuma galibinsu mashaya taba ne. Ƙwayoyin wannan ƙari suna da dangantaka da ƙwayoyin da ke sarrafa sinadaran saƙo a jiki, don haka sukan ƙirƙiri sinadarin da ba aikin huhu ba ne. Wanda aka fi gani shi ne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Ƙoda ta bi umarni, ruwa ya taru a jini, gishirin sodiyam ya tsinke kamar yadda miya ke salancewa idan an cika mata ruwa. Ma'aunin sodiyam na mai lafiya yana tsakanin 135 da 145. Idan ya gangaro wajen 125, ruwa ya fara shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna kumbura, sai ciwon kai, kasala, mantuwa da sambatu. Idan ya yi ƙasa da 120, ana iya ganin jijjiga irin ta farfaɗiya, ko doguwar suma. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu wannan nau'in kansa suna samun matsalar, kuma sau da dama ita ke fara bayyana kafin a san da ƙarin.

Wani nau'in kansar huhun kuma, wanda ke tsirowa a manyan hanyoyin iska, yana fitar da sinadarin da ke zaƙulo kalsiyam daga ƙashi ya zuba a jini. Mai shi zai yi ta ƙishirwa da yawan fitsari, bayan gida ya ƙi fita, ya yi shiru kamar mai baƙin ciki. Ga kuma yaɗuwa kai tsaye, domin huhu ne kan gaba cikin gaɓoɓin da kansarsu ke tsallakawa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma idan ƙarin ya sauka a ɓangaren goshi, hali ne ke fara canzawa: mai kunya ya koma zagi, mai tattali ya koma rabon kuɗi a titi. Hanya ta ƙarshe ba ta cika faruwa ba, amma tana da ban tausayi. Garkuwar jiki ta tashi yaƙar ƙarin, sai ta haɗa da sashen ƙwaƙwalwa mai adana tunani, mutum ya kasa riƙe abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce. Likitocin Ingila, Corsellis da abokan aikinsa, sun bayyana alaƙar wannan ciwo da kansa tun 1968.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan kuskuren farko. An ce taɓin hankali ne, sai a yi allurar haloperidol ko Largactil, majinyaci ya yi barci, dangi su ce alhamdulillahi an samu sauƙi, alhali gishirin jininsa na ci gaba da faɗuwa. Idan kuma an ce ciwon damuwa ne aka rubuta irin su fluoxetine, ko aka ga jijjiga aka ba da carbamazepine, to waɗannan magunguna su ma suna sauke sodiyam. An ƙara wa ciwo ƙarfi ke nan da hannun mai magani.

Kuma bambancewar ba ta gagari ma'aikacin lafiya mai lura ba. Ciwon sikizofiriniya, wato taɓin hankali mai tsanani, yakan fara ne daga ƙuruciya zuwa wajen shekara talatin, yana shigowa a hankali, kuma mai shi yakan san inda yake da ranar da ake ciki, ko da yana jin muryoyi. Ruɗewar da ciwon jiki ke kawowa kuwa cikin kwanaki take zuwa, tana hawa tana sauka, da safe a gaisa lafiya lau, da magariba ya kasa gane matarsa. Tambayoyi kaɗan sun isa su buɗe hanya: "Baba, yau wace rana ce? Ina muke yanzu?" Sannan a juya ga ɗansa: "Yana tari? Ya rame? Yana shan taba?" A kama hannunsa a duba ko kan yatsun ya yi kumburi, farce ya lanƙwashe, a lalubi saman ƙashin wuya ko akwai kaluluwa mai tauri.

Akwai ɗaya fuskar matsalar, wadda ta fi muni a ganina: wanda dama an san shi da lalurar ƙwaƙwalwa. Shi wannan, duk abin da ya faɗa ciwonsa ne ke magana. Ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce tunani ne. Ya rame, a ce ai ba ya cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin lalurar ƙwaƙwalwa suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma mafi yawa cututtukan jiki ne ke kashe su, irin waɗanda ake iya ganowa. Sun fi kowa shan taba, amma su ne na ƙarshe da ake yi wa maganar bari, wai a bar su da ita ta kwantar musu da hankali. Wannan ba tausayi ba ne. Abin da ake buƙata kawai lura ce, domin hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da magungunan ƙwaƙwalwa irin su clozapine da olanzapine, don haka idan mutum ya daina sha, maganin kan taru a jini, sai likita ya rage masa adadin.

Ko an lura da tarin ma, akwai wani ramin a gaba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, saboda haka duk inuwar da aka gani a hoton ƙirji tibi, wato tarin fukar, ake fara kawowa, kuma hakan daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne idan gwajin majina na GeneXpert bai nuna komai ba, an ɗora mutum kan maganin wata shida, wata biyu sun wuce yana ƙara ramewa, amma ba wanda ya tsaya ya sake tunani.

Na san abin da za a ce. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya fi ƙarfin talaka, kuma kansar da ta kai ga ruɗa hankali galibi ta wuce warkewa, to me za a ci da gano ta? Maganar kuɗi gaskiya ce, amma ba CT nake nema wa kowa ba. Gwajin gishirin jini da ƙoda, sukari, kalsiyam da hoton ƙirji ana yin su a manyan asibitocin jiha, kuma kuɗinsu bai kai na watannin da za a kwashe ana sayen maganin da ba na ciwon ba. Hoton ƙirji yakan tsallake kusan ɗaya cikin biyar na masu kansar huhu, don haka idan ya fito lafiya amma alamu na nan, a tura gaba.

Maganar "me za a ci" kuwa ba na karɓarta sam. Idan an gyara sodiyam sannu a hankali, ta hanyar taƙaita ruwan sha ko ƙarin ruwan gishiri a asibiti, hankali yakan dawo cikin kwanaki. Kansar ƙananan ƙwayoyi tana jin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da farko, duk da takan dawo. Watannin da aka samu ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da zai gane 'ya'yansa, ya faɗi bashin da ke kansa, ya bar wasiyya, ya yi sallarsa da saninsa, kuma ba a bar wa zuriyarsa tambarin "akwai hauka a gidansu" ba, wanda kowa ya san yana hana 'yan mata aure.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin masu wannan lalura na samun kulawa ba tare da wariya ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi za su iya fassara wannan haƙƙi zuwa ƙa'ida ɗaya a rubuce: kada a tura wanda ya haura arba'in zuwa asibitin ƙwaƙwalwa kan ruɗewar farko sai sakamakon jininsa da hoton ƙirjinsa na manne da takardar turawa, kuma duk majinyacin ƙwaƙwalwa da ya zo karɓar magani a ɗora shi kan sikeli, a tambaye shi tari da taba.