Shearer bai yi kuskure ba da ya ƙi zuwa Manchester United

Duk lokacin da musun gwanayen 'yan wasan gaba ya kaure a gidan kallo, tambaya ɗaya ake rufe wa mutum baki da ita: kofi nawa ya ci? Da ita ake kayar da Alan Shearer. Shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a tarihin gasar Firimiya, guda 260, amma babban kofi ɗaya tal gare shi, wanda ya ɗaga da Blackburn Rovers a 1995. Daga nan sai a yanke masa hukunci, a ce ai shi ya ja wa kansa, Alex Ferguson, kocin Manchester United na lokacin, ya neme shi a 1992, ya sake nemansa a 1996, ya ƙi, ya zaɓi Newcastle, ƙungiyar garinsu. Masu kare shi kuma su ce a'a, sadaukarwa ya yi, son garinsu ne ya sa ya haƙura da kofuna.

Ni duka biyun ba su gamsar da ni ba, domin duka sun manta da matsayin Newcastle a lokacin da ya sa hannu.

A watan Janairun 1996, Newcastle ce ke jan ragamar teburin Firimiya da tazarar maki 12. United ta biyo ta a hankali har ta ƙwace kofin, Newcastle ta ƙare ta biyu. Ƙungiya ce mai Les Ferdinand da David Ginola da Peter Beardsley da Faustino Asprilla, kocinta kuma Kevin Keegan, mutumin da Shearer ya taso yana zuwa kallo a filin St James' Park tun yana yaro. Ƙungiyar da ta kusa kai bantenta, ta ciro fam miliyan 15, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan ƙwallo da su ba a duniya, ta ɗauko Shearer, wanda ya ci takalmin zinare a gasar Turai ta 1996 da ƙwallo biyar. Wane mai hankali ne zai kira wannan gudun kofi? Lissafin da kowa ya yi a lokacin shi ne, abin da ya rage wa Newcastle ta cika ta batse kenan. Shearer ya je gida ne domin ya ci kofi a gida, kuma alƙaluman lokacin suna bayansa.

Abin da ya biyo baya ba shi ya shirya ba. Bai cika wata shida da zuwa ba, a Janairun 1997, Keegan ya ajiye aiki. Duk da haka Shearer ya ci 25 a kakar, ya karɓi takalmin zinare karo na uku a jere, ƙungiyar ta sake yin ta biyu. Sai bazarar 1997 ta zo da masifa biyu a lokaci guda: aka sayar da Ginola da Ferdinand ga Tottenham, shi kuma ya ji mummunan rauni a idon sawu a wasan share fage a filin Goodison Park, ya shafe watanni yana jinya. Newcastle ta gangara ta 13, ta maimaita ta 13 a shekara mai bi mata. Ta kai wasan ƙarshe na kofin FA sau biyu a jere, Arsenal ta doke ta 2-0 a 1998, United ta yi mata irin haka a 1999. Wannan na biyun shi ne mai ciwo, domin a shekarar ce United ta haɗa kofi uku, kuma wanda ya ci mata ƙwallon da ta ba ta kofin Zakarun Turai shi ne Ole Gunnar Solskjaer, ɗan wasan gaban da ta saya da 'yan kuɗi kaɗan a bazarar da Shearer ya ƙi ta.

To, a nan ne ainihin zaɓin nasa yake, ba a 1996 ba. Zuwa Newcastle tana ta biyu ba wani abin jarumta ba ne. Zama a cikinta tana ta 13 shi ne aiki. A watan Agustan 1999 kocin ƙungiyar na lokacin, Ruud Gullit, ya ajiye shi a benci a wasan hamayya da Sunderland, wasan da a can ake ɗaukarsa kamar yaƙi. Aka ci Newcastle 2-1 cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwana kaɗan Gullit ya tattara nasa ya nasa. Bobby Robson ya karɓa, kuma a wasansa na farko a gida aka lallasa Sheffield Wednesday 8-0, Shearer shi kaɗai ya ci biyar. Wanda aka ce ya ƙare kenan.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa, kuma wanda lissafin kofi ba ya iya nunawa, shi ne yadda ya sake salon wasansa baki ɗaya. Shearer na Blackburn gudu gare shi. Yana fita gefe ya ja 'yan baya, ya sheƙa ya bar su, ya yi bugun da gola ke jin sanyi kafin ƙwallon ta iso. Da haka ya ci 31 da 34 da 31 a kaka uku a jere, bayan ma ya tsinke jijiyar gwiwa a Disambar 1992. Raunin 1997 ya tafi da gudun nan. 'Yan wasa da yawa daga nan suke dusashewa. Michael Owen, wanda shi ma ya zo Newcastle daga baya, bai sake zama Owen ɗin da aka sani ba tun da cinyarsa ta fara ba shi matsala. Shearer kuwa sai ya koma mai tsayuwa a tsakiya, ya ba ɗan baya baya, ya tokare shi da ƙirji da kafaɗa, a wasu lokutan har da gwiwar hannu (alƙalai sun san da wannan, 'yan baya sun fi su sani), ya riƙe ƙwallo har abokan wasa su iso. Ya dogara da kai, da bugun tazara, da fenareti. Ya bar buga wa Ingila bayan gasar Turai ta 2000, yana da shekara 29, da wasa 63 da ƙwallo 30, don ya tanadi sauran ƙarfinsa ga ƙungiya. Sakamakon haka ya ci 23 a kakar 2001-02, ya ci 22 a 2003-04 yana da shekara 33.

Duk mai son ganin wannan Shearer na biyu ya nemi ƙwallon da ya ci Everton a Disambar 2002. Ana cin Newcastle ɗaya da nema, lokaci ya kusa cika. Aka doko ƙwallo daga baya, Shola Ameobi ya sauko masa da ita da ka, shi kuma bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya zabga ta daga wajen da'ira ta shige can saman kusurwar raga. Ya juya da gudu, hannu ɗaya a sama, murnar da bai taɓa canzawa ba. Ameobin nan, ga wanda bai sani ba, haifaffen Zariya ne. Shi ne kuma ya tura masa ƙwallo da dunduniya a Fabrairun 2006, a wasa da Portsmouth, ya ci ta 201, ya wuce tarihin Jackie Milburn na wanda ya fi ci wa Newcastle. Ya ƙare da 206. Da ya jingine takalmi, Obafemi Martins ne ya gaji rigarsa mai lamba 9, kaya mai nauyi ga kowa.

Akwai ƙorafin da nake karɓa. Tarihin 260 na Firimiya ne kawai, gasar da ta fara a 1992. Ƙwallon Ingila ba a nan ta fara ba, kuma Jimmy Greaves ya ci 357 a babban rukuni, adadin da Shearer bai ko kusa kai wa ba, ko an haɗa masa da 23 da ya ci wa Southampton. Haka nan a kaka uku na farko da ya yi a Blackburn wasa 42 ake yi, ba 38 ba. Duk gaskiya ne. Sai dai wannan ƙorafi ne a kan ƙwallaye, wato aikin da aka ɗauke shi ya yi, kuma a nan ya kamata musun ya tsaya. Kofi kuwa sai da gola da 'yan baya da koci da shugabannin da ba sa sayar da gwanaye a tsakar bazara. Newcastle ba ta sake ɗaga babban kofin cikin gida ba tun 1955 sai a Maris ɗin 2025, shekara 19 bayan tafiyarsa. Matsalar da ta yi shekara 70 ba ta ɗan wasa ɗaya ba ce.

Harry Kane ya fuskanci irin wannan mararraba ya bi ɗaya hanyar. Ya bar Tottenham a 2023 yana da 213, saura 47 ya kamo Shearer, ya tafi Bayern Munich, ya ɗaga kofin Bundesliga a 2025. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Amma Kane da ya ɗaga kofi a Jamus shi ne dai Kane da ake yi wa gori a Landan, ƙafarsa ba ta ƙara gwaninta a jirgin da ya kai shi Munich ba. Abokan wasansa ne suka canza.