Ranar da na miƙa wuya ga ƙafata

Sai da na shafe wata huɗu ina koyon kokawar ƙasa, irin wadda ake cin nasara a cikinta idan abokin karawa ya bubbuga hannu alamar ya miƙa wuya, sannan malaminmu ya yarda muka fara darasin sarƙe ƙafa. Na daɗe ina ɗokin wannan rana, domin na kalli yadda Lachlan Giles, ɗan Ostireliya mai matsakaicin jiki, ya murɗe dugadugan ƙarti uku a ADCC ta 2019, wata babbar gasar duniya ta irin wannan kokawa, har na fara raya wa kaina cewa ramammu irina ma sun samu makami.

Malam ya fara da ashi garami, kalmar Japananci da ke nufin harɗe ƙafa. Ya ce sirrin duka yana gwiwa: cinyoyinka biyu su matse ƙafar abokin karawa a saman gwiwarsa, domin idan gwiwar ta zame ta fita, to aikin banza ka yi. Da ya zo kan murɗa diddige kuwa sai ya ɗaure fuska. Hannu yana kan diddige, amma ɓarnar a jijiyoyin gwiwa take sauka, kuma sau da yawa jijiyar kan tsinke kafin zafi ya iso. Shi ya sa, in ji shi, hukumar IBJJF, mai shirya manyan gasannin irin wannan kokawa, ba ta halatta murɗa diddige a gasanninta ba sai a 2021, shi ma ga manyan 'yan wasa kawai. "Kada wanda ya jira zafi," ya ce. "Da ka ji an kama ka, ka buga." Wannan gargaɗi ya zauna mini daram, wataƙila ma fiye da kima.

Daga nan aka haɗa ni da wani dogon saurayi a zaman da ake kira hamsin-hamsin, inda kowa ke riƙe da ƙafar ɗan'uwansa kuma babu wanda ya fi wani dama. Abin takaici shi ne dukanmu baƙin wando muka sa. Muka yi birgima sau biyu, na ɗaga kai na ga ƙafafu huɗu a cakuɗe, ban san tawa ba, ban san tasa ba. Can sai na hango wani tafin ƙafa a kusa da hannuna, babu mai tsaronsa. Na yi wuf na cafke yatsun, na zagaya ɗaya hannun ta bayan agara, na fara lanƙwasawa a hankali kamar yadda aka koya mana.

Nan take na ji idon sawuna ya ɗauki zafi. Na ce a raina lallai yaron nan ma ya kama ni, bari in riga shi. Na ƙara matsawa, zafin ya ƙaru. Da na tuna gargaɗin Malam sai na saki, na shiga bubbuga shimfiɗa da hannu bibbiyu.

Abokin nawa ya ɗago hannayensa duka biyu, babu komai a cikinsu, ya ce, "Yaya, ni fa ban taɓa ka ba."

Malam ya tsaya a kanmu, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce kamun ya yi kyau ƙwarai, gwiwar hannuna ce kawai ya kamata in ƙara matso da ita jikina. Washegari na zo da jan wando, ina ɗingishi.