Kafin Ku Nemi Kujera, Ku Dubi Christina Liu

'Yan uwana matasa masu karatu da ke hararo siyasa, ku ba ni aron kunnuwanku.

Christina Liu malamar jami'a ce a Taiwan. Ta yi digirin digirgir kan tattalin arziki a Jami'ar Chicago ta Amurka, ta koyar a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, ta shiga majalisar dokoki a 2002. A 2010 aka ɗora ta kan hukumar tsara tattalin arziki, a Fabrairun 2012 kuma ta zama ministar kuɗi a gwamnatin Shugaba Ma Ying-jeou.

Ba ta cika wata huɗu a kujerar ba. Ta kawo ƙudurin karɓar haraji daga ribar cinikin hannun jari, bisa hujjar cewa wanda ya fi samu shi ya kamata ya fi biya. 'Yan majalisar jam'iyyar KMT mai mulki a lokacin suka fito da nasu tsarin, wanda a ganinta zai bar manyan masu kuɗi su sulale. A ƙarshen Mayu ta ajiye aiki.

Kuma ba da ka ta shiga ba. Mahaifiyarta, Shirley Kuo, ita ma malamar tattalin arziki, tana ministar kuɗi a 1988 ta sanar da irin wannan haraji, kasuwar hannun jari ta yi ta rikitowa kwanakin ciniki 19 a jere. 'Yar ta san ramin, ta kuma tunkare shi.

To ku, da kuke ta kai takardunku gidajen manya, wane abu ne in an ce ku sa masa hannu za ku tattara ku koma aji? In ba ku da amsa tun yanzu, ba za ku same ta ba ranar da aka ba ku mota da direba.

Amma kada ku ɗauka ajiye aiki shi ne nasara. A aji, in hujjarku ta yi ƙarfi, ɗalibai su rubuta. A majalisa sai kun bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kun san abin da kowa ke tsoro, kun ƙirga ƙuri'unku kafin ku buɗe baki. A nan, a ganina, Liu ta gaza. Bayan tafiyarta, a Yulin 2012, majalisa ta amince da harajin a sassauce, a 2015 kuma ta soke shi gaba ɗaya.