Dariyar Gidan Badamasi, da abin da muke kau da kai a kansa

'Yan'uwana matasa, da ku kuka yi aure kwanan nan, da ku da ake haɗa wa lefe, da ku nake.

Tun da Arewa24 ta fara haska Gidan Badamasi, shirin barkwancin nan na Falalu A. Dorayi, mutanenmu suka rabu biyu. Wasu dariya kawai suke har da riƙe ciki, suna kallon Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ke fitowa a matsayinsa, ga dukiya ga maƙo, 'ya'yan da ya haifa da mata daban-daban sun cika masa gida, kowa idonsa na kan aljihun uban. Wasu kuwa tsinuwa suke: ana ɓata tarbiyya, ana koya wa yara yi wa iyaye tsageranci, ina hukumar tace finafinai take? Ni dai a ganina duk ɓangarorin biyu sun tsallake abin da ya fi muhimmanci.

Wani dare a teburin mai shayin unguwarmu mun yi cincirindo a kan waya ɗaya muna kallo, ana ta shewa. Wani yaro da muke zama da shi ya ajiye kofinsa ko rabi bai sha ba, ya tashi ya tafi. Da na tare shi washegari sai ya ce min, "Yaya, ni ba na iya dariyar nan. Gidanmu ake nunawa." Mahaifinsa mai auri-saki ne. Akwai ɗan'uwansa uba ɗaya da bai taɓa gani ba sai ranar jana'izar uban, a kan tabarmar zaman makoki, kuma kafin sadakar uku an fara maganar gado. Tun daga ranar kallona ya canza.

Ku masu tsinuwa, akwai gaskiya a maganarku, ba zan ɓoye ba. Yaro na kwaikwayon abin da ya gani, kuma 'yan guntayen bidiyon da ake yankowa a watsa a TikTok sukan ɗauko rashin kunyar su bar sakamakonta. Ku yi suka, amma ku faɗi wace fitowa ce da abin da ya ɓaci a cikinta, ku bar zagin iyayen 'yan wasa. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 saboda ba a kai mata su ta duba ba, wannan aikinta ne. Sai dai dakatar da shiri ba ya hana namiji rubuta takarda. Tun 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hisbah take ɗaura auren zawarawa, a 2023 ma an ɗaura wa ma'aurata 1,800 auren gata. Zawarawan nan ba daga akwatin talabijin suka fito ba, daga gidajenmu suka fito, da yawa da goyo a baya.

Ku kuma masu dariya, a kanku na fi jin tsoro. Na sha jin ango, amarya ko wata uku ba ta yi ba, yana ce mata, "Ki kiyaye ni, ko ki tafi gidanku," sannan ya fashe da dariya wai wasa yake. Ɗan'uwa, wannan ba wurin wasa ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, da saki, da kome. Ɗan wasa idan ya furta, darakta ya ce a yanke, kowa ya kama gabansa. Kai idan ka furta, sai ka kwana kana zagayen malamai kana neman mafita, ita kuma ta kwana tana kuka. Ko da bai zama saki ba, ka dasa mata tsoro, kuma matar da kullum take jiran kora ba za ta saki jiki ta gina gida da kai ba.

Idan ma rabuwar ta zama dole, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a lokacin idda, Suratul Baƙara kuma ta ce riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. Mu nawa ne muke yin haka? Yawanci a daren ake tattara mata kaya a jakar Ghana-must-go, a tare mata adaidaita sahu, yara na kallo daga bakin ƙofa.

Yaron nan har yanzu yana zuwa teburin mai shayi. An sa ranarsa bayan Sallah. Ya ce min ya riga ya roƙi kawunsa ya zama wanda za su riƙa kai wa ƙara shi da matarsa idan sun saɓa, kafin magana ta kai ga alƙalami.