Masu gidajen haya, fenti ba gyara ba ne

Abin da ya zama yayi a Kano da Kaduna shi ne, da wa'adin haya ya kusa cika sai mai gida ya turo mai fenti, a shafe bango, a liƙa tayil a tsakar gida, a ɗaura silin POP a falo, sannan dillali ya iso da sabon farashi. Hujjar kullum ita ce kayan gini sun yi tsada. Ba mu musa ba, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge. To amma wanda ya san kuɗi sun yi wuya ai ya fi kowa sanin inda ya kamata ya zuba su.

Ruwa ne ke kashe gida, don haka daga sama ake fara gyara. A hau rufi a watan Maris ko Afrilu, kafin guguwar farkon damina. A duba ƙusoshin da suka ɗago, da katakon da gara ta ci, da indararon da leda da ganye suka toshe, musamman a gidajen da aka ɓoye kwano a bayan bango, inda ruwa ke kwanciya ya bi jikin bulo. In za a sauya kwano, kada a sayi alminiyon da kaurinsa bai kai milimita 0.45 ba, domin siririn kwano iska ke yayyaga shi ta bakin ƙusa. Wanda ya ɗaura POP a ƙarƙashin kwano mai yoyo, marka ɗaya ta isa ta zubo masa da shi, Allah ya sa ba a kan yaran mutane ba.

Sai ƙasan bango, inda fenti ke kumbura yana fitar da farin gishiri. Wannan laima ce ke hawowa daga ƙasa ko daga bututun da ya fashe. A gano tushenta, a gyara kwata, a kankare tsohuwar filasta har zuwa bulo, a sake yaɓawa da siminti ɗaya yashi huɗu, a yi ta ba shi ruwa mako guda, a bar shi ya bushe makonni uku zuwa huɗu kafin fenti. Liƙa tayil a kan jiƙaƙƙen bango gyaran gangar auzinawa ne: laimar sai ta ƙara hawa sama ta ɓullo ta cikin ɗaki. Sokawe kuma, wato ramin da ruwan masai ke shiga, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30. Wayar lantarki ta soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, ta ƙwan fitila 1.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4, kowanne da layinsa. Gobarar da ake yawan ɗora wa 'yan haya, sau da yawa siririyar waya ce da mai gida ya binne a bango don ya rage kuɗi.

Masu cewa ɗan haya da ido yake saye, su tambayi kansu me ya sa gidajensu ke sauya mutane kowace shekara. Dillali ne kaɗai ke cin ribar wannan shiga da fita, don duk sabon ɗan haya sabuwar la'ada ce, galibi kashi 10 cikin 100. Mai gida kuwa wata biyu ko uku da ɗaki zai zauna a kulle ya cinye ƙarin da ya yi, ga sabon fenti, ga makullai.

Kula da gidan haya ba shi da wani sirri. A rubuta yarjejeniya da ta fayyace wa zai kwashe masai, wa zai gyara famfo. A ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli. A nema wa kowane sashe mitarsa, don rigimar kuɗin wuta ta fi komai korar mutanen kirki. A ware kuɗin wata guda daga hayar shekara domin gyara, kada a taɓa su. A riƙa ba da rasit, tunda dokar haraji ta 2025 ta ba ɗan haya rangwamen haraji a kan kashi 20 cikin 100 na hayarsa, har zuwa naira 500,000, kuma sai da shaida zai nema. Mai gidan da ya kasa yin waɗannan ba shi da bakin neman ƙarin ko sisi.