Kalar zoɓo ita ce amfaninsa, mu kuma ita muke kashewa

Jama'a don Allah masu haɗa zoɓon sayarwa a Katsina ku saurare ni, da ku nake, da uwayenmu mata masu haɗa na gida. Wannan jan da ya yi duhu har yana neman komawa baƙi, shi ne abin da ake nema a cikin zoɓon. Masana suna kiran sinadarin antosayanin, shi ke ba baƙin inabi da sauran 'ya'yan itace masu duhun fata launinsu, kuma yana cikin abubuwan dake taimakon jijiyoyin jini su saki.

Ba zancen shayi bane. A 2010 masu bincike a jami'ar Tufts ta Amurka sun gwada mutum 65 da jininsu ya fara hawa, wasu aka riƙa basu kofi 3 na zoɓo kullum har sati 6, awon jininsu na sama ya sauka da kamar maki 7, waɗanda aka ba na bogi kuwa da ƙyar ya motsa. Maki 7 ba abin rainawa bane ga wanda ya san yadda hawan jini ke kwantar da dattawanmu.

To amma dubi yadda muke yi masa. A zuba soɓorodo a tukunya a barshi yana ta tafasa kamar ana dafa ganda, sai a ɗauko kanwa a jefa wai don a kashe tsami a rage kuɗin suga. Duk wadda ta taɓa yi ta ga abinda ke faruwa, kumfa ya taso, jan ya dushe ya koma wani baƙi-baƙi mai shuɗi. Wannan sinadarin baya jure kanwa kuma baya son doguwar wuta, cikin tsami yake zama lafiya, shi yasa in kika matsa lemun tsami sai kiga jan ya ƙara fitowa tas. Ga shi kanwar kanta sodiyam ce a cikinta, irin wanda ke cikin gishiri, wanda likita ke hana mai hawan jini. Kenan an rage mai amfanin an ƙara mai cutar, sannan a bi da suga gwangwani-gwangwani, in kalar ta gudu a siyo ta kanti a ɗiga. Wallahi abin yana ci min rai, musamman da azumi da ake ɗura ma yara da tsofaffi shi kullum a robobi.

Mutanen Meziko fa kuɗi suke sawa suna sayen busasshen zoɓon da ake nomawa nan arewa, tirela-tirela ake lodinsa.

Ita ɗinya ma haka muka yi watsi da ita. Baƙa ƙirin, yara su sha haƙora su yi baƙi, kakanninmu su dafa maɗi da ita, yanzu in ka ganta a tire bakin kasuwa sai a ce abin ƙauye ne, bishiyoyin kuma suna ƙarewa a hannun masu gawayi.

Kar kuma wani ya ɗauki maganata ya ajiye maganin asibiti. Masu tallan kafso a Facebook da suke cewa an tatso baƙin sinadarin 'ya'yan itace yana warkar da daji da ciwon suga, ku yi hattara dasu, yawancin abinda suke kafa hujja dashi gwaji ne a kan ɓeraye ko a kwalbar ɗakin bincike. Mai shan maganin hawan jini ya faɗa ma likitansa kafin ya maida zoɓo abin sha na kullum, kar jinin ya sauka fiye da kima, mai ciki ma ta tambaya tukuna.

Hajiya ki wanke shi, ki tafasa ruwa da citta da kanumfari, ki sauke sannan ki zuba zoɓon ki rufe ya jiƙu. In tsamin ya yi yawa ki ƙara ruwa ko ki sa abarba, kanwa dai a bar ma wake.