"An hallaka 'yan ta'adda da dama": wa ya ƙirga?

Shekaranjiya da safe ina teburin mai shayi a Wunti cikin garin Bauchi, rediyo na karanto sanarwar sojoji: jiragen yaƙi sun yi luguden wuta a daji, "an hallaka 'yan ta'adda da dama". Wani dattijo da ke tsoma burodi a kofi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Da dama ɗin nawa ne?" Na duba waya, sai ga labarin a shafuka huɗu, kalma bayan kalma, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Ba wanda ya je wurin, ba wanda ya kira mai unguwa ko direban da ke bin hanyar. Wannan ai aikin magatakarda ne, ba na ɗan jarida ba.

Mu da wutar Boko Haram ta fara tashi a gabanmu, a unguwar Dutsen Tanshi ta Bauchi cikin Yulin 2009, ba yara ba ne. Sau nawa aka kashe mana Shekau a takarda kafin ya mutu a Sambisa a 2021, a rikicinsa da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga ƙungiyarsa? A Afrilun 2014 hedikwatar tsaro ta ce an kuɓutar da 'yan matan Chibok, saura takwas kacal. Sai da iyaye da shugabar makarantar suka ƙaryata aka janye maganar. A Rann ta jihar Borno, Janairun 2017, kan 'yan gudun hijira bam ɗin jirgin sojin sama ya sauka. Tudun Biri ta jihar Kaduna kuwa, daren 3 ga Disamba 2023, jama'a na tsaka da Mauludi jirgi mara matuƙi ya sako musu. Sojin sama suka ce ba su ba ne, daga baya na ƙasa suka amsa laifi. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙirga gawa 85. Da mutanen garin ba su jera gawawwakinsu duniya ta gani ba, da wane suna za a kira su a labaran safe?

Masu cewa tambaya na karya gwiwar dakaru, su je su faɗa wa matan sojojin da aka kashe a sansanin Metele na jihar Borno a Nuwamban 2018, waɗanda suka kwashe kwanaki suna jira kafin rundunar ta ce mutum 23 ne. Rufa-rufa manya take yi wa rana, ba kurtu ba.

Na san akwai tsoro. A Janairun 2019 sojoji sun dira ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja kan labari guda. Amma kada mu fake da guzuma: wani ba tsoro ke rufe masa baki ba, kuɗin motar da ake rabawa ne bayan taron manema labarai.

Ko ba komai, a rubuta "sojoji sun ce", a bar mayar da ita "an tabbatar". Kuma in an ce an yi a dajin Alkaleri, mota na tashi daga Bauchi kullum.